Tarihin Haske da Duhu a Aƙidar 'Yan Mormon

A birnin Salt Lake da ke jihar Utah, can yammacin Amurka, hedikwatar wata ɗariƙar Kirista take, wadda duniya ta fi sani da sunan Mormon. Mabiyanta sun fi son a kira su 'yan Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, kuma yawansu a yau ya haura miliyan 17. Duk wanda ya saurari wa'azinsu zai ji haske da duhu suna ta dawowa a bakin mai wa'azi. A wurinsu haske abu ne da ke ƙaruwa a zuciyar mutum ko ya ragu gwargwadon aikinsa, kuma shi ne katangar da ke tsakanin bawa da ruɗin Shaiɗan. Wannan fahimta ta ɗauki shekara ɗari biyu tana ginuwa, ta tsare mutane da yawa daga hallaka, ta kuma taɓa zama makamin zalunci lokacin da aka juya ta kan wasu.

Mafari: 1805 zuwa 1820

An haifi Joseph Smith ranar 23 ga Disamba 1805 a garin Sharon na jihar Vermont. Iyayensa manoma ne da talauci ya yi ta kora daga wannan gona zuwa waccan, har suka sauka a Palmyra, a yammacin jihar New York, wajen 1816. A lokacin yankin na cikin zazzafar farfaɗowar addini. Masu wa'azin Methodist da Baptist da Presbyterian suna ta rububin mabiya, kowa na cewa tasa hanyar ce ta tsira. Rabuwar ta shiga har cikin gidan Smith: mahaifiyarsa Lucy da 'yan uwansa uku suka bi Presbyterian, shi kuma ransa ya fi karkata ga Methodist.

Abin da 'yan Mormon ke faɗa shi ne, a bazarar 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga wani kurmi kusa da gonarsu don ya roƙi Allah ya nuna masa cocin gaskiya. Ya ce da ya durƙusa sai wani ƙarfi ya danne shi, harshensa ya ɗaure, duhu mai kauri ya rufe shi har ya sallama da rayuwa. Da ya tattara sauran ƙarfinsa ya yi kira ga Allah, sai ginshiƙin haske da ya fi rana ya sauko masa, abin da ya riƙe shi ya sake shi. A cikin hasken, in ji shi, ya ga Uba da Ɗa, aka hana shi shiga kowace coci daga cikin waɗanda ke akwai.

Wannan imani ne, kuma ga abin da takardu suka nuna. Labarin farko da Smith ya rubuta da hannunsa na 1832 ne, kuma a ciki ya ambaci haske da gafarar zunubansa, bai ambaci duhun ba. A wanda ya ba wani baƙo a 1835 ya yi maganar kumburin harshe da motsin tafiya da ya ji a bayansa. Cikakken labarin duhu da haske na cikin wanda aka fara rubutawa a 1838, aka buga a 1842, cocin kuma ta shigar da shi cikin littattafanta masu tsarki a 1880. Mabiya suna cewa labaran na cika juna, masu suka suna cewa labarin ne ya yi ta girma. Ko ma wanne ne, wanda ya zauna a zukatan mabiya shi ne na 1838, kuma darasinsa a fili yake: duhu kan riga haske zuwa, mafita kuma ita ce kada mutum ya daina kira.

Allunan zinariya da mafarkin Lehi: 1823 zuwa 1830

Smith ya ce a daren 21 ga Satumba 1823 ɗakinsa ya cika da haske, wani mala'ika mai suna Moroni ya bayyana ya gaya masa labarin wasu allunan zinariya da aka binne a wani tudu da ke kusa. A nan jarraba ta fara shigowa labarin da sunanta. Gidansu na fama da bashi, shi kansa kuma ya taɓa aikin neman dukiyar da ake cewa an binne a ƙasa. An ce mala'ikan ya gargaɗe shi cewa Shaiɗan zai sa masa kwaɗayin sayar da allunan, kuma saboda haka aka hana shi ɗaukar su har sai 22 ga Satumba 1827.

A 1828 ya sake tuntuɓe. Martin Harris, wani manomi mai hali da ke tallafa masa, ya matsa sai an ba shi shafuka 116 na farkon fassarar don ya nuna wa matarsa. Smith ya biye masa, shafukan suka ɓace, har yau ba a gan su ba. A wahayin da ya ce ya samu bayan haka, an tsawata masa da cewa ya ji tsoron mutum fiye da Allah, hankalinsa kuma ya duhunta. Daga nan aka kafa wata ƙa'ida da ta ratsa dukan aƙidar: saɓo na rage haske, ko da mai saɓon annabi ne a idon mabiyansa.

An buga Littafin Mormon a Palmyra a watan Maris 1830, kwafi 5,000, da kuɗin da Harris ya jinginar da gonarsa ya samo. Ranar 6 ga Afrilu aka kafa cocin. Littafin na ba da labarin wasu Isra'ilawa da ya ce sun bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu suka haye teku zuwa nahiyar Amurka. Masana tarihi da ba 'yan cocin ba ba su karɓi wannan a matsayin abin da ya faru ba, mabiya kuwa nassi ne a wurinsu.

Wurin da ya fi tasiri a kan batunmu shi ne mafarkin Lehi, uban waɗancan matafiya. Ya ga itace mai farin 'ya'ya masu zaƙi, da siririyar hanya da ke kaiwa gare shi, da doguwar sandar ƙarfe da ta bi gefen hanyar. Jama'a na cikin tafiya sai wani baƙin hazo ya taso ya rufe ko'ina. Waɗanda suka saki sandar suka ɓace, wasu suka faɗa kogi. Waɗanda suka riƙe ta gam suka isa, ko da yake ba sa ganin gabansu. A ƙetaren kogin kuma ga wani katafaren gini cike da masu ado suna nuna su da yatsa suna dariya, har wasu da suka riga suka ɗanɗani 'ya'yan itacen suka ji kunya suka juya. Littafin da kansa ya fassara mafarkin: hazon jarrabar Iblis ce, sandar maganar Allah ce, ginin kuma girman kan duniya. A wani wuri littafin ya koyar da cewa kowane ɗan Adam an ba shi rabonsa na hasken Almasihu, wanda da shi yake rarrabe alheri da mugunta.

Kirtland, inda aƙidar ta zauna: 1831 zuwa 1836

A farkon 1831 Smith ya koma Kirtland a jihar Ohio, inda ɗaruruwan sababbin mabiya suka shigo. Ya tarar da su cikin wani hali: wasu na faɗuwa suna birgima a taron ibada, wasu na cewa wahayi na sauko musu. Tambayar da ta taso ita ce yadda za a gane ruhun gaskiya daga na ƙarya. Amsar ta zo a watan Mayu 1831, a abin da yanzu yake sashe na 50 na littafinsu mai suna Koyarwa da Alkawura. Ma'aunin shi ne, duk abin da bai gina mutum ba duhu ne, abin da ya fito daga Allah kuwa haske ne, kuma wanda ya karɓi haske ya dawwama a kai za a ƙara masa.

A Fabrairu 1832 Smith da abokin aikinsa Sidney Rigdon suka ce an nuna musu lahira mai darajoji uku, ɗaya kamar rana, ɗaya kamar wata, ɗaya kamar taurari. A ƙarshen Disamba na shekarar, sashe na 88 ya faɗaɗa maganar: hasken da ke cikin rana da wata, da wanda ke buɗe fahimtar mutum, duk daga tushe ɗaya suke. Sai sashe na 93, na 6 ga Mayu 1833, wanda shi ne ginshiƙin batun kariya. Ya koyar da cewa haske da gaskiya ba sa zama wuri ɗaya da Mugun, wato Shaiɗan, kuma hanya biyu yake bi ya ƙwace su daga mutum: rashin biyayya da gurɓatattun al'adun kakanni.

Abin lura a wannan sashe shi ne waɗanda aka fara yi wa faɗa. An kira Frederick G. Williams, mataimakin Smith, da sunansa, aka ce bai koya wa 'ya'yansa haske da gaskiya ba, shi ya sa Mugun ya samu iko a gidansa. An tsawata wa Rigdon, da bishop Newel K. Whitney, da Smith kansa, kowa aka ce ya je ya gyara gidansa. Tun daga tushe, ke nan, ma'aunin na auna kai ne kafin auna wani.

A wannan shekarar ta 1833 ce, ranar 27 ga Fabrairu, aka fitar da ƙa'idar da suke kira Kalmar Hikima, wadda ta yi hani da giya da taba da abin sha mai zafi, wanda daga baya aka fassara da shayi da kofi. Brigham Young, wanda ya jagoranci mabiya bayan Smith, ya ba da labari shekaru da yawa bayan haka cewa sanadin shi ne ƙorafin Emma, matar Smith, da ta gaji da goge tofin taba a ɗakin da dattawan cocin ke karatu. An keɓe haikalinsu na farko a Kirtland ranar 27 ga Maris 1836.

Tsanani da alkawari: 1838 zuwa 1844

Rushewar bankin da shugabannin cocin suka kafa a 1837 ta raba kan mabiya, Smith ya gudu Missouri. A can rikici da maƙwabta kan ƙasa da ƙuri'a ya kai ga zubar da jini. Ranar 27 ga Oktoba 1838 gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarnin a kori 'yan Mormon daga jihar ko a hallaka su, kwana uku bayan haka aka kashe mutum 17 a Haun's Mill. Smith ya shafe lokacin sanyi a kurkukun Liberty, daga Disamba 1838 zuwa Afrilu 1839. A wasiƙar da ya aiko daga can a watan Maris ya yi wani gargaɗi da ya kamata magadansa su riƙe: yawancin mutane da zarar sun samu ɗan iko sai su fara danniya, kuma wanda ya yi haka Ruhu na janyewa daga gare shi.

A Nauvoo ta jihar Illinois, inda suka sake gina gari, kariyar ta samu sura ta zahiri. Ranar 4 ga Mayu 1842 Smith ya fara bikin ɗaukar alkawari na haikali. Wanda ya shiga yana sanya wasu fararen tufafin ciki dare da rana har ƙarshen ransa, don su riƙa tuna masa alkawarinsa su kuma tsare shi daga jarraba. A cikin jama'a labarai sun yaɗu cewa tufafin na tare harsashi da wuta, amma abin da cocin ke koyarwa a yau shi ne kariyarsu ta ruhu ce kuma ta dogara ga riƙon alkawari.

Auren mata fiye da ɗaya da Smith ya fara a ɓoye ya jawo masa adawa daga cikin gida. Da majalisar garin, wadda yake shugabanta, ta sa aka lalata injin jaridar da ta tona batun, aka kama shi. Ranar 27 ga Yuni 1844 gungun mutane suka afka kurkukun Carthage suka harbe shi da wansa Hyrum.

Utah da ranar baƙin ciki: 1847 zuwa 1890

Brigham Young ya ja mafi yawan mabiya suka bar Nauvoo a Fabrairu 1846, ya isa kwarin Salt Lake ranar 24 ga Yuli 1847. Mutanen da aka kora daga jiha zuwa jiha sun zo da tabo a zuciya, kuma a wa'azin wannan zamani sau da yawa Sihiyona, wato al'ummarsu, ita ce haske, duniyar waje kuma Babila. A 1856 Jedediah M. Grant, mataimakin Young, ya jagoranci wani gangamin gyara mai zafi: ana bi gida gida ana yi wa mutane tambayoyi kan zunubansu, ana sake yi musu baftisma.

A 1857 shugaban Amurka James Buchanan ya tura sojoji Utah. Cikin wannan fargaba, ranar 11 ga Satumba, mayaƙan sa-kai na 'yan Mormon a kudancin yankin, da taimakon wasu 'yan ƙabilar Paiute da suka jawo, suka yaudari ayarin matafiya daga Arkansas a wurin da ake kira Mountain Meadows. Sun yi musu alkawarin aminci, suka karɓe makamansu, sannan suka kashe kimanin mutum 120, maza da mata da yara. Ƙananan yara 17 kaɗai aka bari. Wasiƙar Young da ke cewa a ƙyale su su wuce ta iso bayan an gama. A cikin maharan, John D. Lee kaɗai aka hukunta, aka harbe shi a 1877. A 2007 cocin ta bayyana matuƙar nadamarta a wurin. Waɗanda suka aikata wannan ta'asa masu ibada ne, kuma abin da ya sauƙaƙa musu shi ne sun riga sun yanke cewa duhu na can wajen wasu.

A 1890 shugaban cocin Wilford Woodruff ya sanar da dakatar da auren mata da yawa, Utah ta zama jiha a 1896, zamanin keɓewa ya ƙare.

Garkuwa ta koma gida: 1912 zuwa 1970

Da hamada ta daina raba su da sauran Amurkawa, sai shugabanni suka mai da hankali ga tarbiyya, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1912 aka buɗe ajin addini na farko ga ɗaliban sakandare a Salt Lake, tsarin da a wurare da yawa ya zama karatun asuba kafin a tafi makaranta. A 1915 shugaban cocin na lokacin, Joseph F. Smith, ya kira iyaye su ware dare ɗaya na iyali don addu'a da karatun nassi, a 1970 aka tsayar da daren Litinin. A 1921, zamanin shugabancin Heber J. Grant, barin giya da taba da shayi da kofi ya zama sharaɗin samun takardar izinin shiga haikali. A 1965 aka fitar da ƙaramin littafin jagora ga matasa kan sutura da nishaɗi da mu'amala tsakanin samari da 'yan mata. A 1970 aka fara ba yara zobe mai hoton koriyar garkuwa, don duk lokacin da yaro ya kalli yatsansa ya tuna ya zaɓi abin da yake daidai.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne rigakafi ya fi magani. Yaro na yin baftisma yana ɗan shekara 8, a ɗora masa hannu a roƙa masa baiwar Ruhu Mai Tsarki, sannan a koya masa cewa zaman Ruhun tare da shi ya rataya ga addu'ar safe da dare, karatun nassi, azumin Lahadin farkon wata da jibin Ubangiji na kowane mako.

Launin fata: 1852 zuwa 2013

Akwai inda maganar haske da duhu ta sauka daga zuciya ta koma kan fata, kuma wannan ya shafe mu 'yan Afirka kai tsaye. Littafin Mormon ya ambaci wata al'umma da aka ce an la'ance ta da baƙar fata. A zamanin Smith an naɗa wasu baƙaƙe firistoci, kamar Elijah Abel a 1836. Amma a 1852 Brigham Young ya sanar a fili cewa baƙar fata 'yan asalin Afirka ba za su riƙe firistanci ba, aka kuma hana su, maza da mata, manyan ibadun haikali. Shekara 126 wannan hani ya yi, malamai na kare shi da cewa la'anar Kayinu ce, ko kuma rashin himma a rayuwar da suka yi imani ruhohi sun yi kafin haihuwa.

Duk da haka, tun shekarun 1950 mutane a kudancin Najeriya da Ghana suka riƙa samun littattafan cocin suna aika wasiƙu Salt Lake, suna kafa taruka da kansu ba tare da baftisma ba. Anthony Obinna a ƙasar Ibo da Joseph William Billy Johnson a Ghana suna cikin waɗanda suka yi shekaru suna jira. A watan Yuni 1978 shugaba Spencer W. Kimball ya sanar da ɗage hanin. Bayan wata biyu Bruce R. McConkie, ɗaya daga manzannin cocin da suka fi kare tsohuwar koyarwar, ya gaya wa malamai su manta da abin da shi da magabata suka faɗa, domin sun yi magana ne ba tare da hasken da ya zo yanzu ba. An yi wa Obinna baftisma a Nuwamba 1978. An keɓe haikali a Accra a 2004, wani kuma a Aba a 2005. A Disamba 2013 cocin ta fito fili ta yi watsi da duk ra'ayin da ke cewa baƙar fata alamar la'ana ce ko fushin Allah.

Zamanin intanet

A ƙarni na 21 jarrabar da shugabanninsu suka fi ambata ita ce wadda ke shigowa ɗaki ta waya da kwamfuta: hotunan batsa, caca, gaba da zage-zage. A babban taron Afrilu 2002 manzo Robert D. Hales ya kawo misali daga yarintarsa, na fitilar keke mai ɗan injin da ke goga taya. Muddin yana taka feda fitila na ci, da ya tsaya sai duhu. Haka hasken ruhu yake, in ji shi, kullum sai an taka. A 2022 aka sake rubuta littafin jagoran matasa, aka rage jerin hane-hane aka ƙarfafa koya wa matashi ya auna abu da kansa.

Shekara ɗari biyu sun isa a yanke hukunci. Inda 'yan Mormon suka ɗauki haske a matsayin aikin yau da kullum na gyaran zuciya da gida, ya ba su al'umma mai ƙarancin shaye-shaye, mai riƙon iyali da taimakon juna, abin da ko masu adawa da aƙidarsu ke shaidawa. Inda suka ɗauke shi a matsayin tambarin da ke raba su da sauran bayin Allah, ya kai su Mountain Meadows, ya kuma sa suka rufe wa baƙar fata ƙofa fiye da ƙarni guda. Mai karatu, ko Musulmi ne ko Kirista, ba sai ya yarda da wahayin Joseph Smith ba kafin ya ɗauki wannan darasi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk mai neman tsari daga ruɗin Shaiɗan, ya fara binciken duhun daga zuciyarsa da gidansa.